LAYIN NAKI, SUNAN WA YAKE ƊAUKE DA SHI?

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, magana ce a kan ɗan abin nan da kowa ke riƙe da shi a hannu, wato layin waya.

Duk wanda ya saba da littattafanmu ya san a da adireshi marubuci ke sawa a bangon baya, ko akwatin gidan waya. Da salula ta shigo sai muka koma sa lamba. To, abin da aka buga a takarda ba ya goguwa. Littafin da na fitar shekara goma sha biyar baya yana nan yana yawo a ɗakunan amare da shagunan haya, kuma har gobe sai wata ta kira daga Maraɗi ko Gusau ta ce yanzu ta gama karantawa. Ga shi kuma cinikin littafi ya koma WhatsApp, mai saye ta tura kuɗi ta turo shaida ta wannan lambar dai. Ashe kun ga in marubuciya ta rasa layinta, tamkar ɗan kasuwa ne ya wayi gari ya tarar an tashi rumfarsa.

Waɗanda suka yi wayo a 2001 za su tuna lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a ƙasar nan, layi kaɗai yana haura naira dubu ashirin. Mu mutanen Malikanchi da kewaye sai dai labari, in kira ya kama dole a nemi masu lema a biya kuɗin minti. Sai a 2003 da Glo ya zo da lissafin sakan talaka ya fara samun sa'ida. Econet ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, a 2010 ya koma Airtel, amma mai 0802 yana nan da abarsa. Kamfani ya sauya suna, waya ta tsufa an yar, lamba kuwa tana bin mai ita kamar sunan yanka.

A wancan zamani sauya waya ba wani aiki ba ne. Ka ɓalle murfi, ka cire batir, ka zare sim ka zura a sabuwa, shi ke nan. Da ramin ya ƙanƙance, masu gyara suka riƙa yanke katin har ya shiga. Yanzu kuwa an zo inda babu katin ma gaba ɗaya. Ƙanina ne ya sayo mini waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, irin wadda aka ɗan yi amfani da ita a Amurka. Muka juya ta gaba da baya, babu inda za a sa sim. Ashe tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba a yi musu ramin. Abin da ke ciki shi ake kira eSIM, wani ɗan ƙanƙanin abu ne da aka ƙera wayar da shi, kamfanin layi ne ke rubuta lambarka a kansa ta intanet. A Nijeriya an fara shi tun 2020.

Haka na shirya na shiga mota zuwa Zariya, domin wannan ba aikin da yaron shago zai yi maka a tsaye ba ne. A ofis aka nemi lambar NIN, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka tabbatar ni ce mai layin, sannan aka ba ni wani hoto mai kusurwa huɗu da ɗige-ɗige baƙaƙe, wanda suke kira QR. Aka haɗa sabuwar wayar da intanet, na haska hoton da kyamara, nan take sabis ya hau, tsohon katin kuma ya mutu.

Ga wadda za ta yi irin wannan ƙaura, ga ɗan abin da na tsinta. Kafin ki biya kuɗin waya ki danna *#06#, in kin ga lambar EID to tana ɗaukar eSIM, ki kuma tabbata ba a ɗaure ta da wani kamfanin ƙasar waje ba. Sunayen da ke kan tsohon kati ba sa biyo lamba, ki kwashe su tukuna. Hirarrakin WhatsApp ma ki adana su. In kuma tsohuwar wayar ma eSIM ce, kada ki goge shi sai sabuwa ta kama, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Sai dai ba wannan ne ya sa ni ɗaukar biro ba. A bencin da muke jira akwai wata baiwar Allah daga wajen Hunkuyi, ta girme ni nesa ba kusa ba. Sarin mazarƙwaila take yi, masu sayenta na Kano da Kaduna duk ta waya suke nemanta. An sace mata waya a kasuwa, ta zo a yi mata walkam-bak. Yaron da ke kan kwamfuta ya duba, ya ɗago ya ce, "Mama, ai layin nan ba sunanki ne a kai ba, sunan namiji ne. Sai dai shi ya zo da kansa."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, maigidana ne. Bana shekararsa biyu da rasuwa."

Ofis ya yi tsit. Da aka fara rajistar layi a 2011 shi ya je ya yi mata, da aka zo haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020 ya haɗa da tasa, don ya hutar da ita bin dogon layi a rana. Alheri ya yi nufi, Allah ya jiƙansa. Shi ma yaron ba shi da laifi, domin da ana ba duk wanda ya zo ya ce layi nasa ne, da ɓarayi sun gama da asusun mutane. Ya lissafa mata takardun da za ta nemo. Da ta dawo ta zauna sai ta ce da ni, "Ƙanwata, ni ba wayar ce ta dame ni ba. Kuɗin mutane ne a ciki, kuma duk wanda nake bi bashi da wannan lambar ya san ni." Na rasa abin da zan ce, sai haƙuri na ba ta.

Tun daga Zariya har muka wuce Maƙarfi ina lissafin matan da na sani masu irin wannan hali. Wata sunan miji, wata na wa, wata na ɗan da ya tafi neman kuɗi Kudu. Alhali yau lamba ta wuce abin gaisuwa. Ta nan banki ke turo lambar sirri, da ita aka yi BVN, a OPay da PalmPay ma ita ce lambar asusun, sifirin farko kawai ake cirewa. Mu da muke rubuta labarin saki kullum mun san yadda zama ke ƙarewa. Ranar da aure ya mutu, mace za ta kwashe gadonta da kwanukanta, amma layin da take sana'a da shi yana hannun wanda ya sake ta, in ya ga dama ya je ya karɓe abinsa, kuma a takarda shi ke da gaskiya. Ko babu wannan, layin da aka bari ba a taɓawa wata da watanni rufe shi ake yi, daga baya a sayar wa wani. Sau nawa aka kira lambar mamaci aka ji baƙuwar murya?

Don haka 'yar'uwa, tun ana dariya, tun mai sunan yana raye, ki nemi NIN ɗinki ku tafi ofis tare a mayar da layin sunanki. Ba rashin yarda ba ne, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ku kuma maza, in kun saya wa iyali waya, ku cika alherin, ku kai su a yi rajista da sunansu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun sake haɗuwa, in da rai da rabo.