Waiwaye Adon Tafiya

Hausawa mutane ne masu yabon natsuwa. Tun muna yara ake karanta mana cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma sauri shi ke haifar da nawa. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsofaffi ya sha jin waɗannan maganganu, kuma babu mai musun hikimar da ke cikinsu. Sai dai na lura cewa dukkansu suna magana ne a kan matafiyi shi kaɗai, kamar dai hanyar tasa ce, babu kowa a bayansa. Ba su gaya mana abin da ya wajaba a kan mai tafiyar sannu ba idan hanyar siririya ce, ga kuma jama'a sun yi jerin gwano a bayansa, kowa da uzurinsa. Amsar wannan tambaya na same ta ne a inda ban zata ba, wato a filin wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu.

Na san mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada, domin kuwa wasa ne na masu hannu da shuni, kuma da yawa daga cikinmu a nan Maiduguri ba mu taɓa riƙe sandarsa ba. Don haka bari in ɗan bayyana yadda yake. Fili ne makeke mai ramuka 18, kowane rami da tutarsa. Ɗan wasa yakan ɗora 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, ya make ta da sanda, ya bi ta da ƙafa, ya sake bugu, har sai ta faɗa rami, sannan ya nufi rami na gaba. Wanda ya kammala ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. A ƙasar Sikotlan wasan ya bunƙasa. A can aka fara rubuta dokokinsa guda 13 a garin Leith cikin 1744, kuma a filin St Andrews aka tsayar da ramuka 18 cikin 1764. Turawa ne suka kawo shi ƙasarmu. Filin Rayfield na Jos, wanda ya samo asali daga zamanin masu haƙar kuza, ana danganta kafuwarsa da 1913, na Kaduna kuma da 1921, sannan akwai filaye a Kano da Zariya. Saboda ƙarancin ruwa, a filayen Arewa an daɗe ana shimfiɗa yashi da aka cakuɗa da baƙin mai a kewayen rami, a madadin lallausar ciyawar da ake gani a talabijin.

Abin da ya sa nawa ta zama babbar matsala a wannan wasa shi ne tsarinsa. Akan fita rukuni-rukuni, galibi ba a wuce mutum huɗu a rukuni guda, kuma kowa tilas ya bi ramukan a jere, daga na ɗaya har na ƙarshe. Ga shi kuma ƙwallon takan yi tafiyar fiye da mita 200 a bugu ɗaya, kuma idan ta sami mutum a ka tana iya yi masa mummunar illa. Saboda haka na baya ba shi da ikon yin bugu sai na gaba ya yi nisa. Filin duk faɗinsa, a haƙiƙa turba ce ta mutum ɗaya. Mu ɗan yi lissafi. A ce mutum huɗu ne, kowannensu zai yi bugu 90 kafin ya gama, kuma kowa ya ɓata daƙiƙa 10 kacal a kan kowane bugu wajen gyara hula ko ƙarasa hira. Daƙiƙa 3,600 ke nan, wato awa guda cur, a kan wasan da bisa al'ada bai kamata ya wuce kimanin awa huɗu ba. Wannan awar kuwa duk rukunin da ke bayansu sai ya biya ta.

Masu wasan sun daɗe da gano haka, sai suka ɗora nauyin a wuyan na gaba. Ladabin da suka gada shi ne, kowane rukuni ya auna tafiyarsa da rukunin da ke gabansa. Idan ya ga an bar shi da tazarar rami guda babu kowa a ciki, kuma ga waɗansu suna jira a bayansa, to, ya koma gefe ya yafito su da hannu su wuce. Haka nan idan ƙwallo ta ɓace a cikin ciyawa, kuma an ga alamar neman zai ɗau lokaci. Cikin 2019 hukumomin nan biyu da ke kula da dokokin wasan, R&A ta Sikotlan da USGA ta Amurka, sun rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓace daga minti biyar zuwa uku, suka ba da shawarar kada mutum ya wuce daƙiƙa 40 a kan bugu guda, suka kuma ƙarfafa cewa wanda ya riga ya shirya ya buga, muddin babu haɗari. A manyan gasa ma akan hukunta mai nawa. Cikin 2013, a gasar Masters ta Amurka, an ƙara wa wani yaro ɗan ƙasar Sin, Guan Tianlang, bugu ɗaya na tara saboda jinkiri, alhali shekarunsa 14 ne kawai. To amma a wasan yau da kullum babu alƙali a fili. Ba wanda zai tilasta wa mutum ya kauce, sai dai halinsa.

Ni dai ta hanyar kawuna, ƙanen mahaifiyata, na san wannan duniya. Ya yi shekaru yana ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a ɗaya daga cikin filayen nan na Arewa, kuma idan na je hutu wurinsa yakan tafi da ni. Wata rana da la'asar yana ɗauke da jakar wani dattijo, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, wanda ƙafa ta fara ba shi wahala. Muna rami na shida sai dattijon ya juya, ya hango samari uku sun tsaya can nesa, sun dogara da sandunansu. Bai ce uffan ba. Sai ya taka zuwa gindin wata darbejiya, ya cire hularsa ya kaɗa musu ita. Samarin suka buga, suka zo suka wuce da hanzari, kowannensu ya ɗan rusuna yana cewa, "Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara girma." Shi kuma ya amsa, "Allah Ya ba da sa'a, 'ya'yana."

Abin ya ɗaure mini kai, domin a tarbiyyar da aka yi mini yaro ba ya shiga gaban babba. Da muka kama hanyar gida na ce, "Kawu, ashe a nan yara ke wuce manya?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ai ba su wuce shi ba, shi ya wuce da su. Ka ga sun yi masa magana? Kuma ka sani, a nan ba a ba da kyauta don an riga isa. Bugu ake ƙirgawa." Daga baya na ga gaskiyar maganarsa, domin an ce dattijon nan, da ɗingishinsa, yakan gama da bugu ƙasa da na yawancin samarin da yake ba hanya.

Na kuma ga kishiyar wannan. Akwai ranar da waɗansu manyan mutane huɗu suka shiga gaba, kowa da wayarsa a kunne, ana ciniki ana shewa, ba wanda ya waiwaya ko sau ɗaya. Rukuni uku suka taru a bayansu, kuma kunya da tsoro suka hana kowa magana. A ƙasarmu yawanci sai rana ta yi sanyi ake fita, ga shi kuma magariba ba ta jiran kowa; rukunin ƙarshe duhu ya kore su saura rami huɗu. Amma waɗanda abin ya fi shafa su ne masu ɗaukar jaka. Su a kan zagaye ake biyansu, ba a kan awa ba, don haka duk awar da aka ƙara tsayuwa ce kawai da kaya a kafaɗa, kuma wanda ya sa rai zai sami zagaye na biyu ya kai cefane gida, ya tashi a tutar babu. Manyan nan ba su zagi kowa ba, ba su karya wata doka da za a kama su da ita ba, kuma na tabbata sun koma gida ba su san sun ci haƙƙin kowa ba. Illar rashin waiwaye ke nan.

Da na ƙara hankali sai na fahimci cewa wannan ladabi bai yi karo da al'adarmu ba ko kaɗan. Da a ce na baya ne aka ba ikon ya kutsa, da an zubar da girman na gaba. Da yake na gaba ne ke yin kiran da kansa, sai ya zama kyauta ya yi, kuma kyauta ba ta rage mutum. Na bayan ma yana da nasa sharuɗɗa: ba zai aika ƙwallo kan mutane don ya tsorata su ba, ba zai yi musu tsawa ba, idan ta kama ya roƙa to cikin ladabi, kuma in an ba shi hanya ya gode ya yi hanzari, kada ya wuce sannan shi ma ya zama kaya. Cikin halayen da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a littafinsa Mutumin Kirki na 1974 akwai haƙuri da karamci da kunya da ladabi da adalci. Na baya na buƙatar haƙuri da ladabi, na gaba na buƙatar karamci da adalci. Addini ma ya riga ya koyar da mu haka, inda Manzon Allah (SAW) ya umurci mai yi wa jama'a limanci da ya sassauta, domin a bayansa akwai mai rauni da marar lafiya da mai uzuri, in kuwa shi kaɗai ne ya tsawaita yadda ya so.

Ba sai mun je filin masu kuɗi ba za mu ga wannan hali. A bakin famfon unguwa, ɗan garuwa mai kura cike da jarkoki yakan janye tasa ya ce wa yarinya mai bokiti ɗaya, "Zo ki tara, 'yar ƙanwata." A wurin injin niƙa, mai buhu yakan bar mai 'yar robar markaɗe ta riga shi. A hanyar Damaturu, direban tanka na kirki, wanda ya fi ka hangen gaba saboda tsawon motarsa, yakan kunna maka sigina ko ya miƙo hannu ya nuna maka hanya ta buɗe. Duk waɗannan sun san su ne masu nauyi, kuma sun san nauyin nasu ba laifi ba ne, amma ba su yarda ya zama sanadin wahalar wani ba. A ɗaya ɓangaren kuma, tun da aka hana hawa babur a Maiduguri cikin 2011 keke mai ƙafa uku ya cika gari, kowa ya san yadda mutum ɗaya zai tsaya tsakiyar titi yana cinikin kuɗin mota, a cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, alhali bayansa akwai mai naƙuda da ɗalibin da jarrabawa ke jira.

Mu da ke cikin harkar ilimi kuwa, namu turbobin sun fi na kowa ƙunci. Littafi ɗaya ne a ɗakin karatu, ɗalibai hamsin ke nemansa, wani ya aro ya jefa ƙarƙashin matashi har ƙarshen zango. Takarda ɗaya ce ke jiran sa hannu a kan tebur, amma a bayanta akwai mutum da iyalinsa da shekara guda ta rayuwarsa. Akan sami babban malami da ayyuka suka yi wa yawa, ya riƙe kundin ɗalibi ko wani aikin bincike, ba ya iya ci gaba da shi, kuma ba ya iya cewa wani ya karɓa, don kada a ce na baya ya sha gabansa. Akan kuma sami matashi mai gaggawa da yake ganin duk furfura shinge ce, yana jifa tun na gaba bai kauce ba. Dukkansu biyu sun ɗauka tsere ake yi. Cikin 2018 an rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa a Nijeriya daga 40 zuwa 35, wanda abu ne mai kyau, to amma doka iyakarta ta faɗaɗa ƙofa. Ɗaga hannu a yafito na baya sai zuciya ta yarda.

Abin da ke hana mu kaucewa, a ganina, tsoro ne. Muna jin kamar wanda ya wuce mu ya cinye mu, kuma wanda ya koma gefe an gama da shi. Filin golf ya ƙaryata duka biyun. Wanda ya ba da hanya ba ya ajiye sandarsa, ba a rage masa komai a lissafinsa. Minti kaɗan zai tsaya a inuwa, sannan ya ci gaba da wasansa cikin kwanciyar hankali, babu idanun da ke ƙona masa ƙeya. Sau da yawa ma bugunsa yakan fi kyau bayan nan, domin babu abin da ke ɓata hannu kamar sanin cewa ana jiranka ana tsaki.

Mun saba fassara karin maganar nan ta waiwaye adon tafiya da tuna baya da kuma tuna mafari. Ina ganin tana ɗauke da wata ma'ana ta kusa, wato matafiyi ya juya ya ga ko akwai wanda tafiyarsa ta tsare. Kowannenmu na gaba ne a wata turba, na baya ne a wata. Wanda yake jira yau a ƙofar ofis, gobe shi ne zai zauna a kan kujerar, kuma a ranar ne za a san ko jiran da ya sha ya koya masa tausayi ko kuwa ramuwa. Allah Ya ba na bayanmu haƙuri, Ya ba na gabanmu ikon waiwaye, Ya sa mu gama lafiya. Amin.