Tashar Dakoro: yaron mota da ma'aikacin jirgin sama

Daga Maraɗi zuwa Dakoro kamar kilomita 120 ne. Mota tana bi ta Tibiri, ta yi arewa, ta ratsa Kornaka. Hanyar kwalta ce. Dama da hagu gonakin hatsi ne da wake. In an matso Dakoro, itatuwa sai su ragu, rairayi ya ƙaru.

Dakoro ba tsohon gari ba ne. A shekarar 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a wurin. Amma garin ya zauna inda ya dace. Kudu da shi manoma ne. Arewa da shi akwai kwarin Tarka, akwai Bermo da dajin Gadabeji, ƙasar Fulani da Buzaye. Mai hatsi yana son dabba, mai dabba yana son hatsi. A kasuwar Dakoro suke gamuwa. Mota ce ke kawo su, ita ce ke maida su.

Ranar kasuwa, tun da asuba tasha take cika. Ƴan kamasho suna kiran sunayen garuruwa. Direba yana zaune a inuwa yana shan shayi. Mai aikin da ido bai cika lura da shi ba, shi ne yaron mota. Wasu suna ce masa karen mota. Sunan ba shi da daɗi, aikin ma haka.

Shi ke hawa bisa ya karɓi buhu. Shi ke ɗaure kaya da igiya. Shi ke ɗaga rago ya jefa cikin mota, ragon yana harbinsa. Tsohuwa ta kasa hawa, shi ke kama mata hannu. Yaro ya yi amai, shi ke sharewa. In mota ta bar kwalta ta shiga rairayin Tarka ta kafe, fasinja su sauka su nemi inuwa. Yaron mota ya kwanta da ciki yana haƙa ƙarƙashin taya, rana tana dukan bayansa. In injin ya lalace a daji, direba ya tafi gari neman ƙarfe, shi ake bari gadi. Kwana biyu, kwana uku, daga shi sai garin rogo da ruwan jarka. Wurin zamansa ba kujera ba ne. Bisa kaya ne, ko bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe.

Yawancin yaran nan ƴaƴan manoma ne da makiyaya na ƙasar Dakoro. An gama girbi, rumbu bai cika ba. Uba ya kai ɗansa ga wani direba ya ce: ga amana, a koya masa tuƙi. An yi addu'a, an shafa. Shi ke nan. Ba a faɗi shekara nawa zai yi ba. Ba a faɗi abin da za a riƙa ba shi ba. Ba a faɗi wanda zai biya magani in ya faɗo ba. Akwai direbobi masu tsoron Allah, waɗanda ke riƙe yaro kamar ɗansu har ya sami takardar tuƙi. Akwai kuma waɗanda yaro zai yi gemu a hannunsu bai taɓa sitiyari ba.

Alhazan Dakoro, da suka hau jirgin sama zuwa Makka, sun ga masu irin wannan aiki a can bisa. Maza ne da mata, cikin tufafi iri ɗaya. Suna nuna wa alhaji kujerarsa. Suna ɗora masa jaka. Suna ɗaura wa tsoho ɗamara, su kawo abinci, su share abin da ya zube. Alhaji ya dawo gida ya ce: ai masu rabon abinci ne. Ba haka ba ne. Babban aikinsu tsaron rai ne. Ana koya musu kashe wuta, da taimakon wanda ya suma. In jirgi ya sami hatsari a ƙasa, ana so su fidda kowa cikin minti ɗaya da rabi. A ƙasashe da yawa doka ta ce kowace kujera 50 sai da ma'aikaci ɗaya. In ba su cika ba, jirgi ba ya tashi.

Su ma da can sun sha wuya. A Amurka, mace mai wannan aiki in ta yi aure sai a sallame ta. In ta kai shekara 32 ko 35, a ce ta tsufa. A shekarar 1945 wasu daga cikinsu suka haɗa kai, suka kafa ƙungiyar ƙwadago, wato sandika. Kowa yana zuba ɗan kuɗi kowane wata. Suka zaɓi masu magana da bakinsu. Ba a rana ɗaya aka ji su ba. An fi shekara 20 kafin a daina korar mace don ta yi aure. Da, fasinja suna shan taba cikin jirgi, ma'aikata suna shaƙar hayaƙi dare da rana. Sandika ta yi ta kai kuka, har a 1990 aka hana taba cikin yawancin jiragen da ke yawo cikin ƙasar. A ƙasashen Turai, doka ta hana ma'aikacin jirgi ya wuce awa 900 a sama cikin shekara ɗaya. Gajiyayye ba ya ceton kowa.

Kada mai karatu ya ce sandika maganin kome ce. Tsofaffi sun san kamfanin Air Afrique, mai tambarin kan barewa. Ƙasashe 11 suka haɗu suka kafa shi a 1961, har da Nijar. Jiragensa suna sauka Yamai. Bashi ya yi masa katutu, a 2002 ya rushe. Mutum fiye da 4,000 suka rasa aiki. Sandika ba ta iya tada mataccen kamfani ba. Amma kowane ma'aikaci yana da takarda. An rubuta ranar da ya fara aiki, an rubuta albashinsa. Da takardun nan suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, ƙasa ƙasa. Sun sha wuya ƙwarai, amma suna da abin nunawa gaban alƙali.

To, yaron motar Dakoro fa? In ya faɗo daga bisa kaya ya karye, me zai nuna? Galibi a sa shi a amalanke a kai shi gida wurin mai ɗori. Mota ta ɗauki wani yaro, ta ci gaba da tafiya. Uban da ya aika ɗa don ya rage baki ɗaya a gida, ga shi da majinyaci, ga damina ta zo ba mai riƙe hauya.

Direbobin Nijar suna da sandika tasu, ana ce mata SNCRN. In rigima ta taso tsakanin direba da mai mota, ko da masu tsaron hanya, akwai masu tsaya masa. A duniya kuma akwai babbar ƙungiya, ITF, da aka kafa tun 1896. Ta tara sandikokin direbobi, da na ma'aikatan jirgin ruwa, da na jirgin sama, duk a inuwa ɗaya. Yaron mota kuwa, sau da yawa sunansa ba ya cikin littafin kowa.

Alhali dokar ƙwadago ta Nijar, ta shekarar 2012, ba ta manta da mai koyon sana'a ba. Ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Ta ce ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da koyo ne. Ta ce ma'aikaci yana da hutun kwana ɗaya kowane mako. Daga watan Janairu na 2024, mafi ƙarancin albashin ma'aikaci jika 42 ne a wata. Akwai asusun CNSS, mai biyan ma'aikacin da ya ji rauni wurin aiki, amma sai wanda maigidansa ya rubuta sunansa. Masu duba ƙwadago suna da biro a Maraɗi. Uban da ya je makarantar yaƙi da jahilci yana iya rubuta abu uku da hannunsa, gaban shaidu biyu a tasha: shekarun koyo, kuɗin abinci, da mai biyan magani.

La'asar sakaliya, kasuwa ta watse. Motar Bermo ta cika, buhunan hatsi a ƙasa, mutane bisa buhuna. Direba ya tada injin. Yaron mota yana tsaye bayan taya. Ya jira har mota ta motsa, ya zare icen da ya tokare ta da shi, ya jefa shi ciki. Ya bi ta da gudu cikin ƙura, ya kama ƙarfe, ya haye.