Daga Agege zuwa Dutsen Olumo da bakin teku: Fita da iyali ma magani ne

 Yau za mu ajiye zancen kwalba da sirinji mu ɗan zaga gari, musamman saboda 'yan uwanmu mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, da kuma masu kawo musu ziyara daga Arewa idan an yi hutun makaranta ko Sallah.

Mai karatu, in kai mazaunin Agege ne, yaushe rabon iyalinka su taka ƙasar da ba kwalta ba? Unguwar da muke gani yau cike da hayaƙin danfo da ƙarar janareta, a da gonakin koko da goro ne. Goron ne ya jawo kakanninmu fatake suka kafa zango, har Agege ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a ƙasar Yarbawa. Mutanen nan a ƙafa suke cin kasuwa. Jikokinsu kuwa, maigida daga shago sai masallaci, uwargida daga ɗaki sai kicin, yara daga makaranta sai waya. Akwai yaron da aka haifa a Legas ya kai shekara goma bai taɓa ganin teku da idonsa ba.

Sakamakon wannan zama muna ganinsa kullum a kantin magani: hawan jini, ciwon sukari, ciwon gwiwa da baya, rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Mai hawan jini da ya riƙe tafiyar ƙafa da gaske, lambar saman awonsa kan iya sauka da kamar 5 zuwa 8. Wannan ba ya maye gurbin magani, amma yana taimaka masa ƙwarai.

A ƙasar Koriya ta Kudu akwai wani gandun tsaunuka da ake kira Seoraksan, kusa da birnin Sokcho na bakin teku. Ƙololuwarsa ta kai mita 1,708, kuma tsofaffi maza da mata suna cikin masu cika hanyoyin hawansa, kowa da sandarsa da gorar ruwansa. Abin da suke tinƙaho da shi shi ne dutse da teku a kusa da juna. To mu ma Allah Ya ba mu namu daidai gwargwado, saura a tashi a je.

A fara da na kusa

Kafin a yi nisa, a gwada Alausa a Ikeja, inda ake da wuraren shaƙatawa na Ndubuisi Kanu da na Johnson Jakande Tinubu. Akwai ciyawa da inuwa da wurin wasan yara. Wanda bai saba tafiya ba ya fara da zagaye na minti 20 a irin wannan wuri sau biyu ko uku a mako. Awon da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: in kana tafe kana iya magana amma numfashinka ya ɗan ƙaru, ka kama daidai. Da haka ake shirya ƙafa kafin a tunkari dutse, domin sannu ba ta hana zuwa.

Dutsen Olumo

Tun da aka buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a 2021, zuwa Abeokuta ya yi wa mutanen Agege sauƙi. Ana shiga jirgi a tashar Babatunde Fashola da ke nan Agege, a sauka a tashar Wole Soyinka bayan kimanin awa ɗaya, sai a ɗauki tasi zuwa cikin gari. Ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, wannan kaɗai ya ishe shi labarin mako guda a makaranta.

Sunan garin ma daga dutsen ya samo asali, don Abeokuta da Yarbanci na nufin ƙarƙashin dutse. A wajajen 1830 ne mutanen Egba, ƙarƙashin jagorancin Sodeke, suka fake a nan saboda yaƙe-yaƙen da suka wargaza ƙasar Yarbawa. Har yau masu yi wa baƙi jagora suna nuna kogunan da aka zauna a ciki, masu ƙanƙantar da sai an sunkuya, da ramukan da mata suka riƙa daka a jikin dutsen. Tsawon Olumo mita 137 ne. Wanda ya taɓa hawa Dala a Kano ko Kufena a Zariya ba zai ji baƙunta ba. Akwai matakala da wuraren hutawa, sai daga can sama hanya ta matse tsakanin manyan duwatsu. An saka na'urar hawa lokacin gyaran 2006, amma kada a dogara da ita wajen shirya tafiya da tsoho. Akwai kuma wurin bautar gargajiya a jikin dutsen, baƙo sai ya wuce abinsa cikin mutunci.

Daga ƙololuwa za ka hango kogin Ogun ya ratsa gari, ga jajayen rufin kwano na tsofaffin unguwanni shimfiɗe har iya ganinka. In an sauko, kasuwar Itoku tana nan kusa, inda ake sayar da adire, rinin Yarbawa da zai tuna wa Bakano marinar Ƙofar Mata. Uwargida, a nan sai a riƙe jaka da kyau, don zannuwan suna da shiga rai. Akwai kuma unguwar Sabo ga mai neman tuwo da 'yan uwa.

A hau da safe kafin rana ta take. A sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas da mai tsini. Hijabi ko abayar da ke jan ƙasa na iya harɗe ƙafa a matakala, gara wadda ta tsaya a idon sawu. Saukowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, don haka mai ciwon gwiwa ya tsaya a wurin hutawa na farko, ba gasa ake yi ba.

Dajin Lekki

A cikin Legas kanta akwai gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78. Ana shiga ƙarar gari ta yanke. Hanyar katako ce ta ratsa fadama da bishiyoyi, birai suna tsalle a sama, ga dawisu da kunkuru. Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar sama mai lilo, wadda tsawonta ya kai mita 401. Tana da ƙa'idar shekaru, sai a tambaya a bakin ƙofa kafin a yi wa yara alkawari. Mai juna biyu da mai jiri da mai ciwon zuciya su haƙura da ita, hanyar ƙasa ta wadatar.

Biran nan sun saba da mutane, suna fizge abinci daga hannu. Kada a bar yaro ya miƙa musu komai. In aka yi rashin sa'a biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar don a duba batun allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta sandarewar jiki. Daga Agege zuwa Lekki akwai nisa da cunkoso, a fito bayan sallar Asuba.

Bakin teku

Iyayenmu sun san Bar Beach, wadda yanzu aikin Eko Atlantic ya haɗiye. Akwai sauran wurare a ɓangaren Lekki, akwai Tarkwa Bay da ake zuwa a jirgin ruwa, sai Badagry ga mai son haɗa shaƙatawa da tarihi. A Badagry ne ake da gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da tsibirin Gberefu inda aka riƙa loda bayi zuwa ƙasashen da ba su dawo ba. Tafiya a kan yashi ta fi ta kan kwalta cin ƙarfi, minti 30 a gefen ruwa ba ƙaramin motsa jiki ba ne.

A nan ne zan ja kunne da babbar murya. Tekun Legas ba kogin garinku ba ne, ba kududdufi ba ne. Yana da igiyar da ke janye mutum daga gaɓa zuwa ciki, har gwanin iyo tana gajiyar da shi. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga cikinta, yana ɗaga hannu don neman taimako. Yaro kuma nutsewarsa shiru take zuwa, ba ihu ba fantsama. Saboda haka a ware babba guda wanda aikinsa kallon yara kawai, waya a aljihu. Doguwar riga in ta jiƙe nauyi take yi, mata su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Kada a shiga jirgin ruwa ba tare da rigar kariya ba, kada kuma a yi tafiyar ruwa da dare. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767.

Jakar magani

Kowa ya sha maganinsa na safe kamar kullum, ya ɗauki na rana a cikin kwalinsa. Mai hawan jini ya auna kafin fita. In ya ga 180 bisa 110 ko sama da haka, ranar ta ganin likita ce, dutse ya jira. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya sarƙe yana cikin hawa, ya tsaya nan take a nemi asibiti.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya fita bai karya ba, domin motsa jiki na iya faɗar da sukarinsa. Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri da yunwa kwatsam. A riƙe dabino ko sukari ko lemon kwalba a kusa. Insulin ba ta son zafi, kuma ba ta son daskarewa: a sa ta a 'yar kula, a naɗe da tsumma yadda ba za ta taɓa ƙanƙara ba. Kowane irin magani ma kada a bar shi cikin motar da aka rufe a rana.

Mai asma ya sa abin shaƙarsa na salbutamol a aljihu, kada ya bar shi a ƙasan jaka. A ɗauki ruwan sha isasshe da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na ORS, a haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar. In jiki ya yi tsami bayan an dawo, parasitamol ya fi dacewa. Diclofenac da ibuprofen suna iya ɗaga hawan jini, su tayar da gyambon ciki, su kuma wahalar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa. Maganin hana amai a mota irin promethazine yana sa barci, don haka direba ba ya shansa, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Mai shan doxycycline da mai shafa man bilicin, fatarsu ta fi saurin ƙonewa a rana, su nemi inuwa.

Maigida, na san hali ake ciki, kuɗin mota da na shiga ba wasa ba ne. Amma gida biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda, uwargida ta dafa dambu ko shinkafa a kula, a ɗauki tabarma da buta don sallah. Sau ɗaya a kowane hutun makaranta ma ya isa a fara, tsakanin nan kuma a riƙe zagayen Alausa ko na unguwa bayan La'asar. A kuma tafi da iyaye mata, su ne suka fi kowa daɗewa a ɗaki.