Zuwa ga Auta, kan takardar da kika ɓoye

Autar Hajiya,

Ya gida, ya 'ya'yana? Sarkin Rigima ya bar kukan yaye kuwa?

Sakamakon hoton nononki ya iso ni, amma ta hannun Yaya Babba. Haka muka yi da ke? Ni da nake wuni gaban na'ura ina rubuta wa matan mutane nasu, ni za ki ɓoye wa naki?

To, zauna in karanta miki. Inda aka sa ƙarfe 10, wurin da ƙullutun yake ne, don muna lissafa nono kamar fuskar agogo. Wanda ya duba ki ya ce a kwance yake, faɗinsa ya fi tsayinsa, kuma babu kaluluwa a hammata. Duk wannan alheri ne. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne mai tsayuwa a miƙe, bakinsa tsage-tsage, da inuwa a bayansa. Naki gefe ɗaya ne kawai bai fito sarai ba.

Shi ya sa ya rubuta BI-RADS 4A. Ma'auni ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara, daga 0 zuwa 6. Da 2 ne, da na ce ki sha kuruminki. Da 3 ne, sai a sake hoto bayan wata 6. A 4A kuwa, cikin ƙullutu 100, waɗanda ke zama daji ba sa wuce 10. Sai dai hoto ba ya yanke hukunci, dole a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji.

Na san Gwaggo ta riga ni, ta ce miki daji ba ya son allura. Allah Ya ja kwananta, amma a nan ba ta da gaskiya. Kashe wurin ake yi, a ɗiba, ki koma gida a ranar. Waɗanda nake kuka da su a wurin aiki, jinkiri ne ya cuce su. Kada ki shafa komai, kada ki bari wanzami ya taɓa ki.

Ki gaya wa maigidanki Malam yau. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi ki ƙarfin zuciya, ke da ganin kyankyaso ke sa ki hawa gado.

Ina tafe ranar Laraba, tare za mu je asibitin. Ki haɗa hotunan da takardar wuri ɗaya, ki kuma ajiye min daddawata, kar ki ce kin manta.

Allah Ya sa mu ji alheri.

Yayarki,
Likitar gida