Da Duron a Jakata a Filin Jirgin Gatwick

Auta ce ta roƙe ni. A lokacin bikin 'yan gata a Kaduna da Kano bai cika ba sai an ga hoton da aka ɗauko daga sama, ayarin motocin amarya na tafiya a jere, rumfunan biki sun yi layi, mata cikin anko kamar an zana su. Ta ce, "Yaya, ni ba na son atamfa, ba na son turare. Ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto za ka zo da shi." Ina karatu a Brighton, a kudancin Ingila, kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba, amma ita ce ƙaramarmu, kuma Baba bai yi tsawon ran da zai ga aurenta ba. Na matse bakin aljihu na sayi ƙaramin duron, irin mai naɗe fukafukai, wanda idan ka ninke shi bai wuce tafin hannu biyu ba. Na koyi sarrafa shi a wani fili bayan gari. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗinsa ƙwarai. Ranar da na fara ganin rufin gidaje da bakin teku a fuskar wayata, dariya na yi ta yi ni kaɗai.

An sa ɗaurin aure ranar Juma'a, 21 ga Disamba 2018, bayan an sauko daga masallaci, a Zariya. Tikitina na ranar Alhamis ne, daga Gatwick zuwa Santambul, daga can Abuja. Na sa duron ɗin da baturansa a jakar goyo, domin ƙa'ida ba ta yarda a saka irin waɗannan baturan a akwatin da za a kai cikin ɗakin kaya ba.

Tun a jirgin ƙasa na ga mutane sun duƙufa a kan wayoyinsu, fuskoki ba walwala. Da na hau sama daga tasha na shiga zauren, sai na tarar da shi maƙil, ba masaka tsinke. Abin da ya fara dukan hancina shi ne warin jiƙaƙƙun riguna da kofi da gumin mutanen da suka kwana ba wanka. Allon da ke nuna tashin jirage kuwa daga sama har ƙasa magana ɗaya yake maimaitawa: an soke, an jinkirta, an soke. Wani dattijo da ke zaune a kan akwatinsa ya ce mini tun wajen ƙarfe 9 na daren Laraba aka rufe hanyar tashin jirage, don an ga jirgi marar matuƙi yana shawagi a kan filin. An buɗe wajen ƙarfe 3 na dare, ba a cika awa guda ba aka sake rufewa, wai ya dawo.

Gabana ya faɗi. Na ji igiyar jakar nan ta yi mini nauyi a kafaɗa.

Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma a ranar na san ma'anar wannan magana a jikina. Ban aikata komai ba. Duron ɗina bai taɓa tashi ko kusa da wurin ba, hasali ma kamfanin da ya ƙera shi ya sa masa wani tsari da ke hana shi tashi idan yana dab da filin jirgi. Amma ga ni baƙar fata, da gemu, da sunan Musulmi a fasfo, a filin jirgin da 'yan sanda masu bindiga ke kai da kawowa suna neman mai duron, ni kuma ga shi a bayana. Duk lokacin da biyu daga cikinsu suka nufo inda nake, sai yawun bakina ya ƙafe. Na yi ta tsara bayanin da zan yi da Turanci: ga rasiɗin saye, ga katin gayyatar biki a waya, ga hoton amarya. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na ciro baturan na tura su cikin safa, na mayar da su can ƙasan jaka, hannuna na rawa. Da na fito na tuna cewa ɓoyewar ma ita ce za ta fi sa a zarge ni, sai na koma na mayar da su inda suke. Babu wanda ya tsayar da ni, babu wanda ya ce mini kanzil. Tsoron duk a cikina yake, amma har yau idan na tuna sai in ji tsikar jikina ta tashi.

Wunin Alhamis haka ya tafi. Sanarwa ta ce a jira zuwa tsakar rana, tsakar rana ta zo aka ce zuwa la'asar, la'asar ta zo aka ce zuwa dare. Da zarar an yi shirin buɗewa sai a ce an sake hango shi. Na je bakin tagar gilashi na tsaya tare da wasu, muka ƙura wa sama ido. Gajimare ne toka-toka, ruwa na yayyafi, jirage na jere a ƙasa ba motsi. Filin da a sa'a guda jirage sama da 50 kan iya tashi da sauka a kan hanya ɗaya tak, filin da mutum kusan miliyan 46 suka bi ta cikinsa a wannan shekarar, ya yi tsit. Ban ga komai a sama ba. Duk waɗanda na tambaya a zauren, babu wanda ya gani da idonsa.

Kusa da ni wata mata ce da 'ya'ya uku, za su je wurin kakanninsu bikin Kirsimeti. Ƙaramin ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ta shimfiɗa masa rigarta ta sanyi a kan daɓe ta kwantar da shi, ita kuma ta zauna tana karkarwa. Wani saurayi ya yi ta buga waya yana roƙon a ɗaga jana'izar kakarsa. An yi ta cacar baki a kan wurin cajin waya, sai kuma ka ga waɗanda suka gama faɗan suna raba biskit. Ma'aikata na zagayawa da ruwan gora, idanunsu sun yi ja, ana ta tambayarsu abin da su ma ba su da amsarsa. Na yi sallolina a ɗakin ibada na filin, jakar na jingine a gabana inda idona zai riƙa ganinta.

A raina haushi nake ji, kuma ba mai duron kaɗai nake jin haushi ba. Cewa nake, wane irin abu ne wannan, ƙasa kamar Birtaniya, a ce abin wasan yara ya gagare ta? Me ya sa ba za a harbo shi ba? Me ya sa ba za a bar jirage su tashi ba, sararin sama ai faɗi gare shi? 'Yan sanda sun ce suna gudun harsashi ya ɓace ya faɗa kan wani, ni kuwa a lokacin na ɗauki wannan a matsayin hanzari kawai. Da yamma aka ce an kira sojoji da na'urorinsu. An kuma ce babu alamar ta'addanci ne, amma da gangan ake yi. Wannan jimla ta farko ta ɗan sanyaya mini rai, kun san dalili.

Da daddare na kira Hajiya. Na ce mata da wuya in iso. Ta yi shiru, ina jin hayaniyar 'yan biki da ƙarar turmi a bayanta, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri. Ka ci abinci kuwa?" Auta ta karɓi wayar, ta ce "Yaya" sau ɗaya, ba ta iya ƙarasawa ba.

Wajen ƙarfe 6 na safiyar Juma'a jirage suka fara tashi. Mutane suka yi tafi da aka ji rugugin na farko. Ni nawa ya riga ya wuce, kuma kujerun kwanakin gaba duk an cike su da masu tafiya hutun ƙarshen shekara. Ina cikin layin canjin tikiti ƙarfe 1 na rana ta yi, wato 2 a gida, ƙanena ya kira ni ta WhatsApp ya ɗaga wayar sama a ƙofar gidan Baffa. Hoton na yankewa, sai farare da shuɗɗan manyan riguna da ƙurar hunturu. Na ji muryar Baffa yana bayar da ita, na ji an ambaci sadaki, na ji liman ya ce a shafa Fatiha. Na saki hannun akwati na ɗaga tafukana a tsakiyar layin, Bature a gabana, Bature a bayana, na shafa tare da su. Sanƙira ya ɗaga murya yana shelar an ɗaura, sai layin waya ya katse. Na juya fuskata ga bango don kada a ga hawayena.

A daren nan aka kama wani mutum da matarsa a Crawley, garin da ke maƙwabtaka da filin. Jaridu suka buga hotunansu da sunayensu a shafin farko, duniya ta yi musu caa. Ni ma, Allah Ya yafe mana, na ji sanyi a raina da aka ce an kama wani, na kuma ƙara jin sanyi da na ga ba su yi kama da ni ba. An tsare su kimanin awa 36, aka sake su ba tare da an tuhume su da komai ba. Abin da aka sani game da mutumin shi ne yana sha'awar ƙananan jiragen wasa, kamar ni. A 2020 rundunar 'yan sandan Sussex ta ba su haƙuri, aka biya su fam 200,000. Na daɗe ina tunanin mutanen nan biyu. Abin da na kwana ina tsoro a zauren Gatwick, su ya faɗa wa, a cikin ɗakinsu, ana saura kwana huɗu Kirsimeti.

Jirage kimanin 1,000 aka soke ko aka karkatar, wasu har Faris da Amsterdam, matafiya wajen 140,000 abin ya shafa. Hukumar kula da sufurin sama ta ce wannan lamari ne da ya fi ƙarfin kamfanonin jirage, saboda haka babu diyyar jinkiri. An sa ladan fam 50,000 ga wanda ya tona mai laifin. Sama da mutum 100 sun ce sun ga duron ɗin, cikinsu har da 'yan sanda da ma'aikatan filin, amma babu hoto ko bidiyo ɗaya bayyananne da aka nuna wa jama'a. Har wani babban jami'in bincike ya taɓa cewa mai yiwuwa ma babu duron ɗin tun farko, daga baya rundunar ta janye maganar. A Satumba 2019 aka rufe binciken ba a gurfanar da kowa ba.

Na isa Zariya bayan an watse, amarya ta tare. Duron ɗin a Brighton na koma na bar shi, don a kwanakin jiran ne na gano cewa tun 2016 hukumar sufurin sama ta Nijeriya ta ce ba a tayar da irinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Washegarin isowata ina zaune a tsakar gida, sai ga ƙaramin jirgin koyo ya wuce ƙasa-ƙasa, har ana ganin tayoyinsa. Gidanmu ba shi da nisa da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda ke nan tun 1964. Da ƙarar jiragen nan muka girma, har kunnenmu ya daina jin ta. A wannan sararin ne na yi niyyar tayar da duron a kan ayarin amarya, kuma ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gyaran jirage, ya zo yi mini sannu da zuwa. Na ba shi labari, na ƙara da ƙorafina na cewa an tsananta. Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, tsuntsu nama ne da gashi da ƙashi marar nauyi, amma ka san abin da garken dinya ya yi wa jirgin nan na Amurka a 2009, har sai da ya sauka a kan kogin Hudson. To naka ƙarfe ne da batur. In ya shiga inji, ko ya daki gilashin matuƙi lokacin sauka, a sa'ilin da jirgi ya yi ƙasa kuma ba shi da sararin kaucewa, wa zai amsa? Yaron da ke cikin wancan da ya wuce yanzu, wataƙila yau ne karo na farko da ya tashi shi kaɗai." Ya ce wanda ke zaune a hasumiya ba ya jiran tabbas, shakka kaɗai ta ishe shi ya tsayar da komai, kuma da shi ne a Gatwick haka zai yi.

Na yarda da shi, duk da abin da rufewar ta ci mini. Daga baya na ga gwajin da gwamnatin Birtaniya ta yi da ƙungiyar matuƙa a 2017, wanda ya nuna duron mai nauyin kilo 2 na iya yi wa gilashin babban jirgin fasinja mummunar illa, mai giram 400 kuma na iya fasa na jirgi mai saukar ungulu. A lokacin da abin ya faru doka ta hana tashi cikin kilomita 1 daga shingen filin jirgi, ko wuce mita 120 a sama. A Maris 2019 aka faɗaɗa haramcin zuwa kimanin kilomita 5, a ƙarshen Nuwamba kuma aka wajabta rajista da jarrabawa ga mai duron da ya kai giram 250. Na yi rajistar, na ci jarrabawar, na manna lambata a cikin nawa. Ina tayar da shi har yanzu, can bayan gari, bayan na duba taswirar wuraren da aka hana.

Bidiyon bikin Auta wani mai hoto na Sabon Gari ne ya ɗauka, da kyamara a kafaɗa. A wurin ɗaukar ayarin motoci, kan katangar gidan Baffa ya hau.