Tiyon Birkin Motar Auta

A gidajenmu an raba aiki tun tuni. Tukunya, rigakafin yara da kuɗin Islamiyya na uwa ne. Mota kuwa, daga taya har inji, ta maigida ce da bakanikensa. Mu dai a buɗe mana ƙofa mu shiga, mu ɗora jinjiri a cinya, mu yi addu'ar hawa abin hawa. Shekara tara ina aikin jinya a wannan yanki na bakin iyaka, kuma abin da nake gani ana ɗauko mana daga kan titi ya hana ni yarda da wannan rabo. Idan birki ya shanye, ba ya tambayar wa ke da alhakin kai motar gareji.

Wanda ya san hanyar Illela zuwa Sakkwato ya san abin da nake nufi. Kilomita 80 da 'yan kai ce, ta ratsa Gwadabawa da Kware. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, za ki ga tirelolin shanu da na albasa, 'yan kabu-kabu, jakuna da raƙuma, da baƙin da suka ƙetaro daga Birnin Ƙwanni, kowa na neman hanya a kwalta ɗaya. A irin wannan titi direba ya fi bukatar birki da komai.

Shi ya sa hankalina ya tashi da autanmu ya shigo Garu da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa, irin ta 'yan tsere. Ta hannu ce, ta sha shekaru a Turai kafin ta iso mu. Yaran unguwa suka yi ta zagaye ta. Ni kuwa matarsa nake kallo, mai ciki wata shida, wadda a wannan motar za a riƙa kai ta awo.

Bayan kwana biyu ya same ni da waya a hannu. "Yaya, ke da kike yawan shiga Sakkwato, ki taimaka ki nemo mini wannan." Hoton wasu siraran tiyo ne guda huɗu masu ƙyalli, an lulluɓe su da saƙar ƙarfe kamar kitso. Ya ce duk mai irin motarsa su yake sakawa. Na ce zan nemo, amma sai na ji daga bakin bakanike abin da suke yi, don ba na ba mara lafiya maganin da ban san aikinsa ba.

Dattijon da ke duba mana mota ya cire taya ɗaya ya nuna mini. Ashe birki da jikin mutum kusan tsarinsu ɗaya. Idan direba ya taka, man birki ne ke bi ta bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, ya je ya matse tayoyi. Amma taya tana hawa da sauka, ta gaba kuma tana juyawa, don haka a kusa da kowace taya akwai ɗan tiyo mai lanƙwasuwa da ke haɗa bututun da birkin. Yawanci na roba ne mai zare a ciki. Da na gan shi sai na tuna jijiyar tsohon da ya daɗe da hawan jini. Zafi da shekaru suna busar da robar, ta tsattsage ta waje, ta kumbura idan an matsa mata. Wani lokaci ta ciki take lalacewa, waje kuma lafiya lau. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, roba ba ta daɗewa kamar yadda take yi a inda aka ƙera motar.

Shi wanda Auta ke so, cikinsa wata roba ce mai tauri da ake kira Teflon, an saƙa mata rigar ƙarfen da ba ya tsatsa. Ba ya kumbura, don haka direba yana jin birki da tauri a ƙafarsa, abin da masu tsere ke bukata. Amma dattijon ya ja mini kunne da abu uku. Ba zai tsayar da motar da tayarta ta suɗe ba. Saƙar tana ɓoye lahani, ba kamar roba da ake ganin tsagarta ba. Sannan yashi da ƙurar hunturu kan shige tsakanin saƙar su riƙa cin na ciki a hankali. Ya ce in za a saya, a sayi wanda aka ƙara wa rigar leda a kan ƙarfen, wanda aka yi don ainihin samfurin motar, domin idan ya gaza tsawo zai ɗaure lokacin juya sitiyari, idan ya yi yawa zai riƙa gugar taya.

Shagon farko da na shiga, mai shi ya miƙo mini wasu masu ƙyalli da arha, babu rubutu ko ɗaya a jikinsu. "Hajiya, duk ɗaya ne, kowace mota yana shiga." A wurin aiki, maganin da ba shi da suna da kwanan wata kwandon shara yake tafiya. Na ajiye masa kayansa na yi godiya. Tiyon birkin da aka gwada yana ɗauke da tambari, a kan ga DOT ko SAE J1401 a jikinsa ko a bakin ƙarfensa. Sai da aka yi mana aike daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano muka samu na gaske, bayan mun tura lambar jikin motar da hoton tsohon tiyon. Kuɗinsa ya ninka na roba. Auta ya yi ƙorafi, na tuna masa abin da ya kashe wa tayoyi masu ado da rediyo.

Ranar ɗaurawa na tsaya a kai. Aka zubar da tsohon mai, wanda ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Man birki yana jan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, kuma da ya tafasa sai a taka birki a ji ƙafa ta tafi ƙasa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Bayan nan yaron gareji ya riƙa taka birki, maigidansa yana kwance wani ɗan noti har kumfa ta daina fita. Na yi murmushi, don haka muke korar iska daga robar ƙarin ruwa kafin mu ɗaura wa mara lafiya.

Da yamma na ce wa Baban Ummi gobe tamu motar za a ɗaga. Ya ce, "Wagga mota da ba ta taɓa ba mu matsala ba?" Na ce masu hawan jini ma haka suke faɗa mana. Da aka cire tayar baya, sai ga tiyon ya tsattsage, bakinsa da danshin mai. Motar da ke kai yara uku makaranta ke nan kullum. Ba mu saka mata mai saƙar ƙarfe ba, ba ta bukatarsa. Sabon na roba mai tambari aka ɗaura, da sabon mai, kuma kuɗin bai kai na ɗinkin Sallar yaran ba. Tun daga ranar shi da kansa yake tuna mini lokacin dubawa.

'Yar'uwa, ba sai kin iya tuƙi ba. Ki leƙa inda motar gidanku ta kwana, ki ga ko akwai ɗigon mai ta cikin taya. Ki tambayi maigida yaushe rabon da a canza man birki, kuma ko yakan ji birkin ya yi laushi, ko motar tana karkata gefe idan ya taka. Idan kika ji direba na cewa sai ya taka sau biyu ko uku kafin ya kama, ki sauke 'ya'yanki. Idan kuma kika ji an zuba ruwan sabulu a madadin mai, kamar yadda wasu direbobin haya ke yi, wannan motar ba ta shiga ba ce sai an wanke an gyara.

Matar Auta ta sauka lafiya a watan jiya, an samu 'ya mace. Har yanzu ina yi masa faɗan gudu, don tiyo mai kyau ba ya rage nauyin ƙafa a kan totur. Ku fa, a gidanku wa ke tambayar lafiyar birki? Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suka nufa.