Daga Futa Toro Zuwa Kadawa

A gefen wata gonar shinkafa kusa da Kadawa, wani tsohon Bafulatani yakan tsaya da sanda a kafaɗa, yana duban inda burtali yake a da. In aka bi asali, kakanninsa mutanen Futa Toro ne, can bakin kogin Sanagal. Saniya ce ta jawo su gabas sannu a hankali, ta Masina, shekaru aru-aru. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka iso ƙasar Hausa daga Malle, ɗauke da littattafai. Malamai suka zauna birni, makiyaya suka bi daji.

Da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai har Kura da Bunkure. Ƙasar da takan huta da rani, shanu su ci kara su bar taki, ta koma shinkafa da alkama da tumatir. Manoma sun samu, ba mai musu. Amma ɗan tsohon nan ya kora garke kudu tun bara, yana ta aiko wa Baffa ya biyo shi. Tsoho bai amsa ba tukuna, domin a Kadawa aka binne matarsa.